Yawon Buɗe Ido a Aceh, Lardin Shari'a na Indonesiya

Duk wanda ya sauke farali ya san mutanen Indonesiya. Su ne waɗannan alhazan masu fara'a da ke tafiya a jere cikin tufafi iri ɗaya, ba sa ture kowa a wajen ɗawafi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, duk da cewa ƙasarsu ta fi Saudiyya da Masar da Najeriya yawan Musulmi, ba da shari'ar Musulunci ake hukunta masu laifi a cikinta ba. A cikin lardunanta 38, guda ɗaya tak aka yarje wa yin haka, wato Aceh, can ƙurewar arewacin tsibirin Sumatra. Mutanen lardin sun haura miliyan 5, kusan dukansu Musulmi ne, kuma tun zamanin da alhazan yankin ke taruwa a gaɓarsa su hau jirgin ruwa zuwa Jidda ake yi masa kirari da zauren Makka.

Ina karatu a Malesiya na yanke shawarar leƙawa. Da na faɗa wa abokan karatuna, wani ya zaro ido ya ce ai can bulala ake yi wa mutane a bainar jama'a, me zan je nema? Na ce masa ni mutumin Kano ne, da Hisba na tashi. Abin da ya ja ni tambaya ce da ta daɗe a raina. A gida, da zarar an ambaci yawon buɗe ido sai wasu su hango giya da tsiraici, wasu kuma su ce ai muddin ana shari'a babu baƙon da zai zo. Na so in ga wurin da aka haɗa biyun, in ga yadda suke zama.

Daga Kwalalamfur zuwa Banda Aceh, babban birnin lardin, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama. Wahalar tana wajen biza, domin Najeriya na cikin ƙasashen da Indonesiya ta daɗe tana tsananta wa bincike kafin ta ba su izinin shiga. Mai niyya ya fara da wannan tun da wuri, kada ya sayi tikiti tukuna.

Kowane baƙo da Masallacin Baiturrahman yake farawa, kuma ya cancanta. Farin gini ne mai baƙaƙen ƙubbobi 7, a gabansa ga doguwar hasumiya da tafki, an shimfiɗe harabar da marmara, an kuma kafa manyan laimomi masu buɗewa da rufewa irin na Masallacin Annabi a Madina. Abin mamaki, waɗanda suka fara gina shi a wannan siffa Turawan Holan ne. A 1873 suka kawo wa daular Aceh yaƙi, aka kashe janar ɗinsu, Köhler, a kusa da masallacin, su kuma suka ƙone tsohon ginin a farkon yaƙin. Da suka ga abin ya ƙara wa mutane ƙaimi maimakon ya karya musu gwiwa, sai suka sake gina shi tsakanin 1879 da 1881 don neman shiri. An daɗe mutane da yawa suna ƙin yin salla a cikinsa, suna cewa ginin kafirai ne. Yau kuwa shi ne abin alfaharin garin.

Yaƙin nan ya ci shekaru fiye da 30. Sarkin Aceh na ƙarshe, Muhammad Daud Syah, ya miƙa wuya a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi, amma malamai da mayaƙa suka ci gaba da faɗa a cikin daji. A cikinsu har da mace, Cut Nyak Dhien, wadda ta karɓi jagoranci bayan an kashe mijinta Teuku Umar a 1899, sai da ta tsufa idonta ya raunana aka kama ta, ta rasu a 1908 a can tsibirin Jawa inda aka kai ta. Wanda ke son ganin abin da yaƙin ya ci wa Turawa ya je maƙabartar Kerkhof da ke tsakiyar gari, inda sojojin Holan fiye da 2,000 suke kwance. Mutanen Aceh ba su tone ta ba, ba su yi gini a kanta ba. Suna share ta, suna kai baƙi, don shaida ce ta irin turjiyar kakanninsu.

Na yi sallar Magariba a Baiturrahman. Mutanen nan Shafi'awa ne, saboda haka Bamalike zai ji liman ya bayyana Bisimilla kafin Fatiha, da Asuba kuma a yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, kowa ya ɗaga hannu. Ba wanda ya kalle ni don na saki hannuwana. Bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannuna ya tambaye ni daga ina, da na ce Najeriya sai ya ce, "Masha Allah, ɗana, ka ci abinci kuwa?" Waɗanda ba Musulmi ba ana barinsu su shiga harabar, sai dai a ba mace doguwar riga da mayafi ta sa, namiji mai gajeren wando kuma a ba shi abin da zai rufe gwiwa. Na ga Turawa sanye da rigunan nan suna ɗaukar hoto, ba wanda ya ɓata rai.

Musulunci ya daɗe a wannan gaɓa. Sarkin Pasai, Malikus Salih, wanda kabarinsa ke gabashin lardin, ya rasu a 1297. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Pasai a 1345 ya yaba da son ilimin sarkinta, shekaru 8 kafin ƙafarsa ta kai shi Takedda, a ƙasar Nijar ta yau. Daular Aceh ta kai ganiyarta a zamanin Iskandar Muda, daga 1607 zuwa 1636, wanda har yanzu ake nuna wa baƙi wani farin dutsen wasa mai suna Gunongan da aka ce ya gina wa matarsa 'yar sarautar Pahang don ta rage kewar tsaunukan garinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daga 1641 zuwa 1699 mata huɗu ne suka yi sarauta a jere, kuma a zamaninsu Shaihu Abdurra'uf as-Singkili ya rubuta cikakken tafsirin Alƙur'ani na farko cikin harshen Malay. Duk wannan yana cikin gidan tarihin lardin, an rubuta, an jera, yaran makaranta suna shiga rukuni-rukuni.

Amma gaskiya ba sarakuna ne ke kawo yawancin baƙi Banda Aceh ba. Abin da ya faru ran Lahadi 26 ga Disamba 2004 ne. Da misalin ƙarfe 8 na safe aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 a ƙarƙashin teku, ba a yi rabin awa ba ruwa ya taso ya hau tudu. A gaɓar Lhoknga tsayinsa ya kai mita 30 a wasu wurare. Mutum wajen 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, kusan 170,000 daga cikinsu a Aceh. Ba za ka yi hira da wanda ya haura shekara 30 a garin nan ba ka rasa wanda ya rasa wani nasa. Direban da ya yi ta yawo da ni a babur mai akwati a gefe, wanda suke kira becak, ya faɗa mini nasa ne muna tsaye a danja, kamar mai ba da labarin farashin mai: mahaifiyarsa da ƙannensa biyu, kuma ba a ga gawar ko ɗaya ba. Na yi masa ta'aziyya, ya ce, "Haka Allah ya rubuta," fitila ta ba da hannu muka wuce.

Gidan tarihin tsunami, wanda Ridwan Kamil ya zana aka ƙaddamar a 2009, ta wani dogon lungu mai duhu ake shigarsa. Bango ne dogo dama da hagu, ruwa na gangarowa a jikinsu yana fantsamo maka, ba ka ganin gabanka sosai. Daga nan sai ka faɗa wani ɗaki mai siffar rijiya, an rubuce bangonsa da sunayen mamata, can ƙololuwa haske na shigowa ta inda aka rubuta sunan Allah. Ban ga wanda ya yi magana da ƙarfi a ɗakin nan ba, har yara. Sauran ɗakunan kuwa koyarwa ce zalla: yadda girgizar ƙasa ke haddasa igiyar, da alamominta, da abin da mutum zai yi. A nan na ji labarin tsibirin Simeulue, wanda ya fi ko'ina kusa da inda girgizar ta faru, amma mutum 7 kawai suka rasu cikin kusan 78,000. Dalili shi ne irin wannan bala'i ya taɓa afka musu a 1907, kakanni suka riƙa gaya wa jikoki cewa in ƙasa ta girgiza teku ya janye, kada a tsaya tsintar kifi, a gudu kan tudu. Ginin gidan tarihin kansa an yi shi ne yadda mutane za su iya hawa samansa su tsira idan ruwan ya dawo.

Akwai abubuwan da ruwan ya bari aka ƙyale su a inda suke. A unguwar Punge Blang Cut wani jirgin ruwa mai injin samar da lantarki, nauyinsa tan 2,600, yana zaune a tsakiyar gidaje, fiye da kilomita 2 daga inda yake ɗaure a gaɓa. Sai ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai kafin lissafin ya shige ka. A Lampulo kwalekwalen masunta ne a kan rufin wani gida, mutum 59 suka tsira a cikinsa. A Lampuuk ruwa ya share garin ƙaf ya bar Masallacin Rahmatullah shi kaɗai a fili, kuma da aka gyara shi an bar wani sashe da karyayyun ginshiƙansa don masu zuwa su gani. Mutanen garin suna ɗaukar tsayuwar masallatan nan aya ce. Injiniyoyi sun ce ginin masallaci ya fi na gidaje ƙwari, kuma yawan ƙofofi da tagogi ya bar ruwa ya ratsa ya wuce. Ni ban ga inda maganganun biyu suka ci karo ba. Sai kuma Siron, a hanyar filin jirgi, inda aka binne fiye da mutum 46,000 a rami guda. Fili ne mai ciyawa, babu alamar kabari ko ɗaya. Mutane na zuwa su zauna su yi addu'a ba tare da sun tabbata nasu na nan ba.

Bala'in ne ya buɗe lardin. Tun 1976 ƙungiyar GAM ke yaƙin ɓallewa daga Indonesiya, an kashe mutum wajen 15,000, kuma a 2003 gwamnati ta kafa dokar soja ta toshe wa baƙi hanya. Bayan tsunami ɓangarorin biyu suka ga babu sauran abin da za a yi faɗa a kai, aka sa hannu kan sulhu a Helsinki ran 15 ga Agusta 2005, tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari ne ya shiga tsakani. Ikon yin shari'a yana cikin 'yancin cin gashin kan da Jakarta ta fara ba lardin tun kafin sulhun, aka ƙarfafa shi da dokar 2006. Cikakkiyar dokar laifuka, Ƙanun Jinayat, an zartar da ita a 2014, ta fara aiki a 2015.

To me baƙo zai gani na shari'ar? Da farko, abin da babu. Babu mashaya, babu gidan rawa, babu gidan caca, ko silima babu a Banda Aceh. Hukumar birnin ba ta yarda da shagalin sabuwar shekarar Miladiyya ba. Mata Musulmi duk da lulluɓi suke fita, wadda ba Musulma ba kuma ana son ta rufe kafaɗa da gwiwa. Ran Juma'a kafin azahar sai ka ga kantuna sun rufe, titi ya yi tsit, matan Hisba, wadda a can ake kira Wilayatul Hisbah, suna zagayawa a mota suna tuna wa mazan da suka maƙale a shago cewa lokaci ya yi. Da Magariba ma masu shaguna da yawa kan ja ƙofa na ɗan lokaci. Otal na iya neman takardar aure kafin ya ba mace da namiji ɗaki ɗaya. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da yawancin aurenmu shaidu da goro ne ba takarda, don haka mai tafiya da iyali ya nemi shaidar aure a rubuce tun daga gida. Wani abin kuma shi ne banki. Dokar 2018 ta wajabta wa duk bankin da ke lardin bin tsarin Musulunci, saboda haka zuwa 2021 bankunan da ke mu'amala da ruwa suka tattara suka fita. Katin waje ba ko'ina yake aiki ba, gara mutum ya riƙe tsabar rupiya.

Wanda ya zaci garin da babu giya zai zama kufai da dare, bai je Banda Aceh ba. Shagon gahawa ne majalisarsu, kuma ba su ƙirguwa. Mai haɗawa yana ɗaga matacin yadi sama da kansa yana tsiyayo gahawar cikin kofi, yana maimaitawa har ta yi kumfa. Akwai wadda suke kira sanger, mai ɗan madara, wadda na fi so. A shagunan nan ake kallon ƙwallon Ingila, ɗalibai maza da mata na aiki da kwamfuta, 'yan siyasa na ƙulle-ƙullensu har tsakar dare. Daga tsaunukan Gayo, wajen garin Takengon, ake noman gahawar da ta yi suna a kasuwannin duniya. Abincinsu kuwa Bahaushe ba zai sha wuya ba: taliyar Aceh mai kauri da yaji, wadda ake sa wa naman sa ko ƙaguwa, da soyayyar kaza da ake binnewa cikin soyayyen ganye. Ba ka tambayar ko yankan Musulmi ne.

Bakin teku ne inda na zaci za a yi rikici, sai na tarar an sasanta. A Lampuuk iyalai ne cike da rumfuna marasa bango, ana gasa kifi, ana shan ruwan kwakwa, mata na shiga ruwa da tufafinsu da lulluɓinsu. Rumfunan ba su da bango ne don kada su zama maɓoya. Rana na faɗuwa kowa ya watse. Daga tashar Ulee Lheue jirgin fito mai sauri na kai mutum tsibirin Weh cikin kamar minti 45, inda garin Sabang yake da hasumiyar da ke nuna kilomita sifili, wato mafarin ƙasar Indonesiya daga yamma. Nan Turawa masu nutso suka fi zuwa, don ruwan garau yake, kana ganin murjani da kifaye masu launi daga cikin kwalekwale. A masaukan da ke gefe ana ɗan kau da kai ga shigarsu, amma a cikin ƙauye akwai alluna da ke roƙon a suturta jiki, kuma na ga suna bi. Ran Juma'a da safe babu nutso, babu su, babu kwalekwalen da zai tashi sai an sauko daga masallaci. Wannan doka ta girmi Ƙanun, ta Panglima Laot ce, wato sarkin ruwan masunta, sarautar da ta samo asali tun zamanin daula. A ɗan tsibirin Rubiah da ke kallon ƙauyen Iboih akwai kangon ginin da Turawan Holan suka riƙa killace alhazai don duba lafiyarsu a zamanin jirgin ruwa. Alaƙar mutanen lardin da Makka ba ta yanke ba: wani mutumin Aceh da ake kira Habib Bugak ya yi waƙafi a can a 1809, kuma har yau kowane alhajin lardin na karɓar kuɗi a hannu daga ribar waƙafin nan a lokacin aikin Hajji.

Saura maganar bulala, wadda ba zan tsallake ba. Gaskiya ne ana yi, a fili, da tsumagiya, mai dukan ya rufe fuskarsa, likita na tsaye. Shan giya bulala 40 ne, zina 100, keɓewar mace da namijin da ba muharraminta ba har zuwa 10, ko tarar zinariya, ko ɗauri. Babu jifa, babu yanke hannu. An taɓa sa jifa a daftarin 2009, gwamnan lokacin, Irwandi Yusuf, ya ƙi sa hannu. Wanda ba Musulmi ba ma dokar na iya hawa kansa: a 2016 an yi wa wata dattijuwa Kirista bulala a Takengon saboda sayar da giya. Ƙungiyoyi irin su Amnesty International na neman a soke hukuncin ɗungurum. Ƙorafin da na fi ji a bakin mutanen garin daban ne. Cewa suke tsumagiyar ta fi sanin bayan talaka da 'yan mata da samari, ba ta san na mai satar dukiyar jama'a ba, don cin hanci ba ya cikin Ƙanun. Shi kansa Irwandi da aka kama shi da laifin rashawa a 2018, kotun ƙasa ce ta ɗaure shi a Jakarta. Ga shi kuma duk da kuɗin musamman da lardin ke samu daga gwamnatin tsakiya, yana cikin mafi talauci a Sumatra. Wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a kunnen duk wanda ya zauna a jihohinmu masu shari'a tun daga 2000. Zaman marasa rinjaye ma ba kullum yake lafiya ba. A Banda Aceh coci-coci da wuraren ibadar 'yan asalin Sin na unguwar Peunayong suna nan a buɗe, amma a Singkil, kudancin lardin, an ƙone coci a 2015, hukuma kuma ta rushe wasu da ta ce ba su da izini.

An ce mini wasu baƙi kan nemi a kai su kallon bulala su ɗauka a waya. Ban je ba, kuma ba na ba kowa shawarar zuwa. Mutumin da ke durƙushe a dandamalin nan yana da uwa da 'ya'ya, hukuncinsa na minti kaɗan ne, hoton kuwa ba ya goguwa a intanet.

A ganina, shari'a ba ta hana Aceh baƙi ba. Ta dai zaɓar mata irin baƙin da za su zo: iyalai daga Malesiya da ke cika jirage, ɗalibai, masu nutso, masu shiga dajin Leuser neman ganin birin orangutan. Mai neman holewa ya san hanyar Bali. Abin da ya riƙe waɗannan baƙin shi ne an adana abin da za su gani, an rubuta bayaninsa, an share wurin, an kuma faɗa musu dokar gari tun daga ƙofa cikin ladabi. Mu da ke da Dala da Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata da hasumiyar Gobarau da Hubbaren Shehu, mu duba yadda ganuwar Kano ke zaizayewa ana yanka ta filoti, sannan mu faɗi ko Hisba ce ta kore mana baƙi.

Mai niyyar zuwa ya lura da lokaci. Da azumi ba a sayar da abinci da rana sai bayan La'asar, wuraren shaƙatawa da yawa kuma a rufe suke. Ran 26 ga Disamba masunta ba sa fita teku, ana taruwa a masallatai da manyan kaburbura ana addu'a. In tafiyarka ta faɗo ranar, ka ajiye kyamara ka bi sahu.